Katangar Hanji: Yadda Take Tsare Mu, da Yadda Kwalara Ke Cin Ƙarfinta

A watan Mayu na 2025 cutar kwalara ta yi ɓarna ƙwarai a Hartum da Omdurman, a ƙasar Sudan. Yaƙin da ya fara ranar 15 ga Afrilu 2023 ya riga ya lalata asibitoci da yawa. Sai kuma aka kai hari kan tashoshin lantarki, injinan tace ruwa suka tsaya, mutane suka koma shan ruwan Kogin Nilu ba tare da an tsabtace shi ba. A mako guda Ma'aikatar Lafiya ta Sudan ta ƙirga mutum kusan 2,700 da suka kamu, 172 suka rasu, mafi yawansu a jihar Hartum.

Me ya sa amai da gudawa ke kashe ƙato mai ƙarfi cikin yini ɗaya? Amsar tana cikin hanji.

Ɗinkin da ke cikin hanji

Cikin hanjinmu yana da shimfiɗa ta ƙananan ƙwayoyin halitta, jeri ɗaya tak, wadda ido ba ya iya gani. Ita ce katanga tsakanin ƙazantar ciki da jininmu. Kowace ƙwaya tana manne da maƙwabciyarta da wani matsattsen ɗinki na furotin. Ɗinkin nan yana barin ruwa da gishiri kaɗan su wuce, yana hana ƙwayoyin cuta da dafinsu.

Kowace ƙwayar halitta kuma tana da zobe kewaye da kanta, kamar tazugen wando. In tazugen ya tsuke, sai ya ja ɗinkin, ƙofa ta ɗan buɗe tsakanin ƙwaya da ƙwaya. In ya saki, ƙofar ta rufe.

Wa ke jan tazugen?

Jiki yana ba da umurni ta wurin wani ɗan sinadari mai suna fosfat. Akwai ma'aikata a cikin ƙwayar halitta, ana ce da su kinas, masu liƙa fosfat a jikin furotin. Akwai kuma waɗansu masu cire shi. In an liƙa fosfat a kan furotin ɗin tazugen, wato mayosin, sai ya tsuke. In an cire, ya saki. A jikin mai lafiya wannan liƙawa da cirewa suna tafiya daidai, dare da rana. Amma in hanji ya kumbura saboda cuta, liƙawar takan yi yawa, ɗinkin ya dinga yoyo.

Abin da kwalara ke yi

Dafin kwalara yana ruɗin waɗannan ma'aikata. Yakan sa wani kinas ya yi ta liƙa fosfat a kan ƙofar gishiri da ke fuskar ƙwayar halitta, ƙofar ta tsaya a buɗe. Gishirin jiki ya kwarara cikin hanji, ruwa ya bi shi. Ƙwayar cutar tana da wani dafi na biyu kuma mai sassauta ɗinkin kansa. Shi ya sa zawon yake fita kamar ruwan wankin shinkafa, har babban mutum yana iya zubar da lita guda cikin awa ɗaya.

Ƙofar da ta rage

Akwai wata ƙofa wadda kwalara ba ta ɓatawa. Ita tana shigar da sukari da gishiri tare, ruwa kuma ya biyo su zuwa cikin jini. Wannan ne asirin ruwan gishiri da sukari. Ruwa zalla ba ya mayar da gishirin da ya zube. Sukari in ya yi yawa kuwa, ƙara zawo yake yi. Don haka a kiyaye awo.

Abin da za ku yi

1. Da zarar zawo ya fara, ku dama ƙunshin ORS guda cikin yawan ruwan da aka rubuta a jikinsa. In babu, ku sa ƙaramin cokali 6 na sukari, a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin lita guda ta tafasasshen ruwa da ya huce.
2. Ku ba mara lafiya kaɗan-kaɗan, ba fashi. In ya yi amai, ku dakata minti 10, ku ci gaba.
3. Ku ba yaro ƙwayar zink, miligiram 20 kullum, kwana 10 zuwa 14. Jaririn da bai kai wata 6 ba, miligiram 10. Zink yana taimakon hanji ya warke.
4. Uwa kada ta daina ba da nono, kada kuma a hana abinci.
5. In ido ya faɗa, fitsari ya ɗauke, ko ya kasa sha, ku kai shi asibiti nan da nan don ƙarin ruwa. Ku riƙa ba shi ruwan a hanya muddin yana iya haɗiya.
6. Ku tafasa ruwan sha, ku wanke hannu da sabulu bayan bayan gida da kafin cin abinci.

Tambayoyi

1. Mene ne aikin ɗinkin hanji?
2. Me ya sa ake haɗa sukari da gishiri?
3. Waɗanne alamu ne ke nuna a tafi asibiti?