Yadda ake auna nauyin baƙin rami

A daren damina da hadari ya washe, mutumin Jahun da ya fita bayan gari ya fuskanci kudu zai ga wani farin zirin haske ya ratsa sama, kusa da wutsiyar taurarin Kunama. Can ne cibiyar gungun taurarin da ranarmu take ciki, inda haske ke shafe shekara kusan 26,000 kafin ya iso mu. A wurin akwai baƙin rami, wanda ko haske ya faɗa ciki ba ya fita. Taurarin da ke zagaya shi ne suka tona asirin nauyinsa.

Aikin yana farawa da keta ƙurar da ta tare hanya. Hasken da ido ke gani ba ya ratsa ta, sai hasken infrared. Da shi masanin taurari Reinhard Genzel na Jamus ya yi aiki, da na'urorin hangen nesa na ƙasar Chile, ita kuma Andrea Ghez ta Amurka da na Keck a Hawaii. Iskar duniya ma tana sa hoto rawa, don haka ake amfani da wani madubi mai lanƙwasa kansa sau ɗaruruwa a daƙiƙa yana gyara hoton.

Sai haƙuri. Tun shekarun 1990 ake ɗaukar hoton wuri ɗaya, ana ɗiga alama a inda kowane tauraro ya matsa, har ɗigon ya haɗu ya zama zagaye mai tsawo. Gudun da tauraro ke yi zuwa gare mu ko nesa da mu kuwa, haskensa ke faɗa: mai tahowa yana karkata zuwa shuɗi, mai tafiya zuwa ja.

Zakaran gwajin shi ne tauraron da ake kira S2, mai kammala zagaye cikin shekara 16. A watan Mayun 2018 ya matso kusa da ramin, nisan da ya ninka tazarar rana da duniya sau 120 kacal, yana gudun fiye da kilomita 7,000 a daƙiƙa. Yaron da ke korar tsuntsu da majajjawa a gonar shinkafa ya san dokar: iya saurin dutse, iya ƙarfin da hannu ke riƙe igiya; haka ma saurin tauraro ke nuna ƙarfin jan ramin.

Lissafin ƙarshe, abin mamaki, ɗalibin fiziks a Jami'ar Tarayya ta Dutse zai yi shi a bayan littafi, da dokar Kepler ta 1619. Rabin tsawon zagayen S2 ya ninka tazarar rana da duniya kusan sau 1,000. A ninka 1,000 a kansa sau uku, a samu biliyan 1. A raba da 16 sau 16, wato 256. Amsa: nauyin rana kusan sau miliyan 4. Wannan aiki ne ya ba Genzel da Ghez kyautar Nobel ta 2020, wadda suka raba da Roger Penrose.

A gungu masu nisa ba a iya bin tauraro ɗaya-ɗaya, sai a koma ga iskar gas da ke juyawa a cibiya. A 1994 na'urar Hubble ta auna ta a gungun M87: gefe ɗaya na tahowa, ɗayan na tafiya. Ramin can ya fi namu nauyi nesa ba kusa ba. Da aka fitar da hoton inuwarsa a 2019, an ƙiyasta nauyinsa da rana biliyan 6.5.