Shayin Ganye ko Ƙwayar Asibiti: Nawa Ne Ke Kaiwa Cikin Jini?

Da damina zazzaɓin cizon sauro yakan yi yawa a ƙauyukanmu. A wasu wurare mutane suna shuka wani ganye mai suna Artemisia, dangin tazargade, suna shan shayinsa. Sukan ce ai daga wannan ganye aka samo maganin asibiti, don haka duk ɗaya ne. Rabin maganar gaskiya ne. A wannan darasi za mu duba sauran rabin.

Asalin maganin

Mutanen ƙasar Sin sun daɗe da sanin wannan ganye, suna kiransa qinghao. Tun ƙarni na 4 wani masani mai suna Ge Hong ya rubuta cewa a jiƙa shi a ruwa, a matse, a sha don zazzaɓi. A shekarar 1967 gwamnatin Sin ta kafa wani shiri na neman sabon maganin zazzaɓin cizon sauro. Wata mai bincike, Tu Youyou, ta karanta rubutun Ge Hong, ta lura cewa bai ce a tafasa ganyen ba. Sai ita da abokan aikinta suka tatso shi ba tare da zafi mai yawa ba, kuma a 1972 suka ware sinadarin da ke kashe ƙwayar cutar, wato artemisinin. An ba ta lambar yabo ta Nobel a 2015. Saboda haka bai kamata mu rena ganyen ba.

Magani yana aiki ne a cikin jini

Ƙwayar cutar tana zaune a cikin jininmu. Kafin magani ya kashe ta, dole abu biyu su cika: ya kai jini da yawan da ya isa, kuma ya daɗe a can.

A 2004 masu bincike a Tübingen ta ƙasar Jamus suka ba maza 14 masu lafiya lita ɗaya na shayin da aka yi da giram 9 na busasshen ganye. Suka auna, suka ga litar tana ɗauke da miligiram 94.5 na artemisinin. Wannan wajen kashi ɗaya ne cikin biyar na miligiram 500 da ake ba babba a yini idan da artemisinin kaɗai za a yi masa magani. Sinadarin ya shiga jini da sauri, amma kaɗan ne. Ban da haka, artemisinin ba ya daɗewa: cikin 'yan awoyi rabinsa ya bar jini. Ganye kuma ba ƙarfinsa ɗaya ba. Irin shukar, lokacin yanka da yadda aka ajiye shi duk suna canja shi, kuma ido ba ya iya ganewa.

A wannan shekarar aka buga sakamakon wani gwaji da aka yi a Kwango. Bayan kwana 7, wajen 74 cikin 100 na masu shan shayin sun warke, a kan 91 cikin 100 na masu shan kwinin. Daga baya cutar ta komo wa da yawa daga cikin masu shayin.

Noman fari da maimai

Kowane manomi ya san noman fari kaɗai ba ya raba gona da ciyawa, sai an yi maimai. Haka aka tsara maganin asibiti da ake kira ACT. A ƙwaya ɗaya ta irin wanda aka fi bayarwa akwai magani biyu: artemether miligiram 20, wanda aka sarrafa daga artemisinin, da lumefantrine miligiram 120. Na farkon yana kashe yawancin ƙwayoyin cutar da sauri ya fita. Na biyun yana kwanaki a cikin jini yana share sauran. Shayi noman fari ne kawai: zazzaɓi ya sauka, mutum ya ɗauka ya warke, alhali cutar tana nan.

Haɗarin bai tsaya kan mai shan kaɗai ba. Ƙwayoyin cutar da suka tsira daga ɗan ƙaramin magani su ne masu taurin kai, kuma sauro zai kai su gidan maƙwabci. An ga masu jure wa artemisinin a Kambodiya a 2008, daga baya a Ruwanda da Yuganda. Mun tuna yadda kulorakwin ya daina aiki a hannunmu. Shi ya sa a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa ba ta goyon bayan amfani da shayin Artemisia don magani ko rigakafin wannan cuta.

Abin da za mu yi

• A yi gwajin jini kafin a sha magani. Ba kowane zazzaɓi ne na cizon sauro ba.
• A shanye ACT mai lumefantrine sau shida cikin kwana uku, ko da an ji sauƙi tun rana ta biyu. Kada a rage wa wani.
• A sha shi bayan cin abinci mai maiƙo ko da madara, domin lumefantrine ya shiga jini sosai.
• Yaron da ke jijjiga, ko yawan amai, ko ya kasa shan nono, a kai shi asibiti nan take.
• Mace mai ciki kada ta yi wa kanta magani.
• Mu faɗa wa ma'aikacin lafiya duk ganyen da muka sha.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Me ke sa mutanenmu su daina shan magani da zarar sun ji sauƙi?
2. Ina ne wuri mafi kusa da ake gwajin jini, kuma yaya za mu kai yaro can cikin dare?
3. Ta yaya ƙungiyar mata da ta matasa za su taimaki gidan da ba shi da kuɗin magani?