Shiga Ma'aikatun Gwamnati da Makami

Tun da aka ƙirƙiro Jihar Neja a 1976, Minna ta zama matattarar ma'aikatun gwamnati. Kullum jama'a na zuwa Sakatariyar Jiha da ta Tarayya, da kotuna, da Majalisar Dokoki, domin biyan bukatunsu. Da yawansu mutanen karkara ne, waɗanda riƙon wuƙa ya zame musu jiki: manomi da addarsa, makiyayi da sandarsa, mahauci da wuƙarsa, wanzami da askarsa. Waɗannan kayan sana'a ne na halal, amma ba a shiga ofis da su.

Dalilin Hani

Ofis wuri ne na cinkoso, kuma sau da yawa masu husuma kan gona ko gado ko bashi a can suke haɗuwa. Idan rai ya ɓaci alhali da wuƙa a ƙugu, cacar baki takan zama zubar da jini. Ban da haka, mai gadi ba shi da ikon sanin zuciyar kowa. An ƙara tsananta bincike a ƙofofin ma'aikatu bayan bam ɗin da ya tashi a ofishin Hukumar Zaɓe da ke Suleja ran 8 ga Afrilu, 2011, inda aka yi hasarar rayuka. A al'adarmu ma, ba a shiga gaban Sarki da takalmi, balle makami.

Abin da Doka Ta Ce

Dokar Bindigogi ta 1959 ta hana mallakar bindiga ba tare da lasin ba. Dokar Kiyaye Zaman Lafiya ta 1979 kuwa ta haramta zuwa taron jama'a ko jerin gwano da makami. Lasin mallakar bindiga ba izni ba ne na shiga ofis da ita.

Abin da Ya Kamata a Yi

1. Mai zuwa ofis ya bar wuƙa, takobi, adda ko bindigar toka a gida ko a masauki.
2. Wanda ya manta ya zo da ita, ya faɗa wa masu gadi tun kafin a laluba shi.
3. Kada mutum ya karɓi ƙunshin da bai san cikinsa ba don shiga da shi.
4. A yi haƙuri da bincike, domin ba wulaƙanci ba ne.

Ana roƙon hakimai, dagatai da limamai su isar da wannan bayani ga talakawansu, gama rashin sani ya fi dare duhu.