Dinarin Kaisar: Surar Wa Ke Jikinsa?

In muka ji kalmar dinari, zinariya ke faɗo mana a rai, domin haka kalmar ta iso mana ta bakin Larabawa. Amma dinarin da aka miƙa wa Ubangijinmu Yesu a Bisharar Matiyu sura 22 na azurfa ne, nauyinsa bai kai giram 4 ba, ladan yini guda na ɗan ƙwadago.

Romawa sun soma buga shi wajen shekara ta 211 kafin haihuwar Kristi, da siffofin allolinsu. Yuliyas Kaisar ne ya fara sa fuskarsa a kuɗin birnin Roma yana da rai, a shekara ta 44 kafin Kristi, kuma cikin shekarar aka kashe shi. Sarakunan bayansa suka mai da abin al'ada.

A zamanin wa'azin Yesu, Tibariyas ke sarauta, daga shekara ta 14 zuwa 37. Dinarinsa, wanda aka buga a Liyon ta ƙasar Faransa ta yau, shi ake kyautata zaton an kawo wa Yesu. A fuska ɗaya akwai kan sarki da rawanin ganye, rubutun kuwa yana kiransa ɗan Augustas abin bauta. A bayansa wata mace ce zaune, tare da laƙabin babban firist. Mu lura da kyau: Bayahuden da Doka ta hana wa gumaka, ga shi an ce ya biya haraji da kuɗin da ke ɗaukaka mutum zuwa matsayin allah. Kan harajin nan ne Yahuza Bagalile ya yi tawaye a shekara ta 6. Tarkon Farisiyawa ba na wasa ba ne.

Yesu ya tambayi mai surar, ya ce a mayar masa da abinsa, a kuma ba Allah nasa. Tatuliyan, malamin Ikilisiya na Katej, ya haɗa wannan da Farawa sura 1: kuɗi na ɗauke da surar Kaisar, mutum kuwa da surar Allah.

Kiristocin farko sun biya haraji, har suna yi wa sarki addu'a, amma sujada suka hana shi. Wajen shekara ta 155 aka nemi Polikap, tsohon Bishop na Samirna, ya rantse da sunan Kaisar ya zagi Kristi. Ya ƙi, aka kai shi ga wuta a dandalin birnin.