Kafin Ku Kai Wa Waya Kuka

'Ya'yana, na lura da yawanku in dare ya raba, barci ya ƙaurace, ƙirji ya yi nauyi, waya kuke jawowa ku buɗe ChatGPT ko wata manhaja irinta, ku zayyana mata abin da ke cin ranku. Ban ga laifinku ba. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya 'yan ɗaruruwa ne kacal, alhali jama'a sun haura miliyan 200. Yaron da ke ƙauye in zai ga ɗaya sai ya niƙi gari zuwa Dawanau a Kano, ko Barnawa a Kaduna, ko Kware kusa da Sakkwato. Ga kuɗin mota, ga tsoron kada wani ɗan garinsu ya hango shi a bakin ƙofa, kafin ya dawo labari ya riga shi isa gida cewa wane ya zare. Waya kuwa ba ta gajiya, ba ta yi maka kallon banza.

Sai dai ina so ku san da wa kuke hira. A 1966 wani malami a jami'ar MIT ta Amurka, Joseph Weizenbaum, ya haɗa wata manhaja ya sa mata suna ELIZA. Ba abin da take ganewa; maganarka kawai take juyawa ta maido maka a matsayin tambaya. Duk da haka sakatariyarsa, wadda a gabanta aka yi aikin, da ta ɗan taɓa hira da ita sai ta roƙe shi ya fita ya ba su wuri. Abin ya girgiza shi ƙwarai, har ya koma cikin masu gargaɗi kan abin da ya ƙera da hannunsa. Na yanzu sun ninka ELIZA iya magana nesa ba kusa ba, zuciyar ɗan Adam kuwa tana nan yadda take: duk wanda ya saurare ta, sai ta sallama masa.

Ba ina cewa babu alheri ba ne. A 2025 masu bincike a jami'ar Dartmouth ta Amurka sun fitar da sakamakon gwajin da suka yi wa wata manhaja mai ƙirƙirarriyar basira da suka kira Therabot, a kan mutane kusan 200, kuma waɗanda suka yi amfani da ita cikin masu ciwon damuwa sun sami sauƙi sosai. Amma ku dubi yadda aka yi. Shekaru ƙwararru suka ɗauka suna horar da ita, sannan lokacin gwajin suna bin hirarrakin, a shirye suke su shigo in sun ga alamar haɗari. Wadda ke wayarku wa ke gadinta? A 2023 wata ƙungiya a Amurka mai taimaka wa masu cutar ƙaurace wa abinci ta shirya rufe layin wayarta na mutane ta dogara da wata manhaja, Tessa. Ba a jima ba aka kama ta tana ba wa irin waɗannan marasa lafiya shawarar rage ci da yawan auna nauyi. Dole aka sauke ta.

Aibin da ya fi damuna shi ne son faranta rai. Waɗannan manhajoji kamar maroƙi suke, wanda ke gabansu shi ne gwani. Kamfanin OpenAI da kansa ya janye wani gyara da ya yi wa ChatGPT a watan Afrilun 2025 saboda ta cika bambaɗanci. To, mutumin da ya fara zargin maƙwabta na bibiyarsa, ko matar da ta haƙiƙance kishiya ta yi mata sammu har ta daina cin abincin gidan, ba mai gyaɗa kai suke bukata ba. Wanda zai kalli idonsu suke bukata, ya ga ramar da suka yi, ya ji daga bakin uwa ko miji tun yaushe abin ya fara.

Sai batun sirri. A 2023 hukumar kare masu sayayya ta Amurka ta sa kamfanin BetterHelp ya biya dala miliyan 7.8, don ya miƙa bayanan masu neman shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwa ga Facebook da wasunsa saboda talla. Kada ku rubuta sunanku, ko unguwarku, ko ku tura hoton katin asibiti.

Ku kuma da kuke karatun kwamfuta kuna burin ƙera irin wannan da Hausa, Allah ya yi jagora, ana bukata. Amma ku fara zuwa ku zauna da nas-nas na asibiti tukuna. Mutanenmu ba kasafai suke cewa suna baƙin ciki ba. Sai dai a ce kai na zafi, gaba na faɗuwa, wani abu na yawo a jiki. Manhajar da ta koyi ciwo daga bakin Turawa za ta iya ɗauka zazzaɓi ne. Kuma hirar marar lafiya amana ce, ba a kwasarta a zuba wa kwamfuta ba da yardarsa ba. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da dokar kare bayanai na Najeriya, waɗanda duk aka sa wa hannu a 2023, ku karance su kafin ku fara.

Akwai lokacin da za ku kife wayar nan take: in tunanin kashe kai ya zo, ko ana jin muryoyin da wasu ba sa ji, ko an jera darare ido biyu, ko mai jego ta juya wa jaririnta baya. A tashi wani babba a gidan ko da tsakar dare ne, a nufi asibiti. Wanda likita ya ɗora a kan magani kuma, kada ya daina don waya ta ce.

In abin bai kai haka ba, ku sa ta aikin da ta iya. Da yawanku kan je gaban likita baki ya mutu. Ku ce ta taya ku tsara bayani: tun yaushe, yaya barci, yaya cin abinci, me kuke sha, har tiramol ko kodin in akwai, ban da ɓoye-ɓoye. Ku kwafe a takarda ku tafi da ita, ku kuma nemi wani ɗan'uwa ya raka ku.