Hazo Ba Ya Hana Hoto

Kukan da masu ɗaukar hoto a Nasarawa Burkullu da kewayen Bukkuyum ke yi duk ƙarshen shekara ɗaya ne. Kirsimeti da aurarrakin coci suna faɗowa tsakiyar hunturu, hazo ya rufe sama, hotuna su fito dishi-dishi. Ga biki an taƙaita shi saboda tsoron hanya, baƙin Gummi da Anka na haramar komawa tun kafin la'asar. Sai mutum ya koma gida da ɓacin rai, har ya fara jin haushin sana'arsa.

Ƙanena, bari mu fara da hazon. Ƙura ce da iska ke kwasowa daga Sahara, kuma gwargwadon nisanka da wanda kake ɗauka, gwargwadon yawanta a tsakaninku. Don haka ka matso kusa. Farar samaniya tana ruɗar kyamara ta duhunta fuskoki, sai ka ƙara haske mataki ɗaya, ka kuma fitar da saman daga hoton gaba ɗaya. Tsayar da amarya jikin katangar jar ƙasa ko gindin darbejiya, ka dubi yadda zanen atamfarta da kwallin idonta za su fito. Hazon nan da kake tsine wa yana tausasa rana: babu baƙar inuwa ƙarƙashin ido, babu mai yamutsa fuska. Masu situdiyo a Gusau kuɗi suke kashewa kan lemar fitila don su sami irin wannan haske.

Kada ka sauya gilashin kyamara a fili, kuma kada ka goge shi da bakin riga, ƙurar tana karce shi.

Sauran matsalar a zuci take. Manzo Bulus yana ɗaure a kurkuku ya rubuta wa Filibiyawa, kuma a sura ta 4 ya nuna cewa wadar zuci koyonta ya yi, cikin ƙoshi da cikin yunwa. Na yarda da wannan matuƙa. Abin da ke cin mai hoto shi ne hoton da ya zana a ransa tun daga gida. Ranar ta zo daban, sai ya ƙi ganinta. Ka yi addu'a kafin ka rataya kyamara, ka gode wa Ubangiji don mutanen da suka iya haɗuwa lafiya, sa'an nan ka dube su sosai. Tsohuwar da ta yi kasadar hanya don jikarta ta fi kowace faɗuwar rana cancantar hoto.

Wadar zuci ba ta hana shiri. A Satumban 2021 an katse layukan waya a faɗin Zamfara, tura hoto ta WhatsApp ya tsaya cak. Ka riƙa ajiye aikinka wuri biyu, ka tanadi batir na biyu da cajar sola. Kada ka shiga daji neman wuri mai kyau, kada kuma ka ɗora fuskar kowa ko sunan ƙauyensu a Facebook sai da izininsu.