Bimbini da Natsuwa: Amfaninsu ga Lafiyar Hankali da ta Jiki

Gabatarwa

Daga Fadan Kaje zuwa Zonkwa, har a gangara Kafanchan, akwai wani ciwo da ba a cika ambatonsa ba sa'ad da ake karɓar roƙon addu'a a majami'a. Mai shi yakan ce kansa yana sarawa, ko barci ya ƙaurace masa, ko gabansa yana faɗuwa babu dalili. Sau da yawa tushen abin damuwa ce wadda ta daɗe a zuciya. Dattawa sun ga rikicin Kafanchan na 1987 da na Zangon Kataf na 1992. Matasa sun girma da tabon tashin hankalin da ya biyo bayan zaɓen Afrilu 2011, da hare-haren da aka yi ta kai wa ƙauyuka daga baya. A daminar 2023 kuma cuta ta lalata gonakin citta a kudancin Kaduna, a shekarar da janye tallafin man fetur ya ta da farashin kusan kome.

Wannan darasi yana duba wata hanya ta sauƙaƙa wannan nauyi, wato horon tattara hankali wuri ɗaya cikin natsuwa: abin da likitoci suka gano game da shi, matsayinsa ga mai bi, da kuma iyakarsa.

Yadda Damuwa Take Taɓa Jiki

Sa'ad da mutum ya tsorata, jiki yakan saki waɗansu sinadarai, musamman adirenalin da kotisol, daga waɗansu ƙananan gaɓoɓi da ke bisa ƙoda. Nan take zuciya ta ƙara bugawa, numfashi ya yi sauri, jini ya hau, tsokoki su ɗaure. Wannan shiri ne mai kyau ga wanda ya yi karo da maciji a gona, gama yana ba shi ƙarfin tsira. Matsalar ita ce, tunanin haɗari ma yakan ta da wannan shiri ko da haɗarin ya wuce. Wanda yake kwana yana juya kuɗin makarantar yara a zuciya, ko yana sauraron kowane motsi a bayan gida, jikinsa yakan zauna cikin shirin gudu dare da rana. In abin ya daɗe, yana iya kawo rashin barci, ciwon kai da ɓacin ciki, ya kuma ƙara wa hawan jini ƙarfi.

A rahotonta na 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum ɗaya cikin manya uku a duniya yana da hawan jini, kusan rabinsu kuwa ba su sani ba.

Mene Ne Tattara Hankali?

Horo ne na dawo da hankali kan abin da ke gaban mutum yanzu, kamar shigar numfashi da fitarsa, ba tare da kokawa da tunanin da ya kutso ba. Hankali yakan tsere zuwa ɓacin ran jiya ko tsoron gobe. Aikin mai horon shi ne ya lura, ya komo da shi a hankali, ko da sau ɗari ne.

A 1975 Dokta Herbert Benson na Jami'ar Harvard a Amurka ya bayyana cewa zama shiru tare da maimaita kalma ɗaya yana rage bugun zuciya da saurin numfashi, ya kuma ba da shawara kowa ya zaɓi kalma ko gajeriyar addu'a daga bangaskiyarsa. A 1979 Jon Kabat-Zinn ya buɗe wani sashe a asibitin Jami'ar Massachusetts domin masu ciwo mai daɗewa. Ya tsara shiri na mako 8: aji sau ɗaya a mako, da minti 45 na horo a gida kowace rana. Yawancin binciken da aka yi daga baya a kan wannan shiri da ire-irensa aka yi shi.

Abin da Bincike Ya Nuna

A shekara ta 2000 John Teasdale, Zindel Segal, Mark Williams da abokan aikinsu sun buga sakamakon gwaji a kan mutanen da suka warke daga ciwon baƙin ciki mai tsanani. A cikin waɗanda ciwon ya taɓa kama su sau uku ko fiye, horon ya rage dawowarsa da kusan rabi. A 2004 hukumar da ke tsara ƙa'idojin jiyya a Ingila ta amince da shi domin irin waɗannan marasa lafiya.

A 2014 masana a Jami'ar Johns Hopkins sun tattara gwaje-gwaje 47 da suka ƙunshi mutum 3,515. Sun iske horon yana rage fargaba, baƙin ciki da zafin ciwo daidai gwargwado, amma ba su ga shaidar cewa ya fi magani ko motsa jiki ba. A 2022 Dokta Elizabeth Hoge ta Jami'ar Georgetown ta jagoranci gwaji a kan mutum 276 masu ciwon fargaba. Bayan mako 8, waɗanda suka bi horon sun sami sauƙi kusan daidai da waɗanda suka sha ƙwayar magani. Game da zuciya kuwa, Ƙungiyar Lafiyar Zuciya ta Amurka ta ce a 2017 ana iya ƙara shi a kan magani, abinci mai kyau da motsa jiki, amma kada ya ɗauki matsayinsu.

Taƙaitawar ita ce, amfanin na gaske ne, matsakaici ne, kuma mai nacewa ne yake samunsa.

Ya Dace da Mai Bi?

Tambayar tana da tushe, gama Kabat-Zinn ya ɗauko dabarunsa daga al'adar mabiya Buda, ko da yake ya raba su da ibadarsu. Sai dai zama shiru da tattara hankali ba mallakar wata al'umma ɗaya ba ne. Farawa 24:63 ta nuna Ishaku ya fita saura da yamma domin tunani. Joshuwa 1:8 ta umarci a riƙa juya shari'ar Ubangiji a zuciya dare da rana, Zabura ta 1 kuma ta yaba wa mai yin haka. Markus 1:35 ta nuna Yesu ya tashi da asuba ya keɓe kansa domin addu'a, a Markus 6:31 kuma ya kira almajiransa su huta a keɓe domin ba su sami sukunin cin abinci ba. Tun ƙarni na 4, masu bi a hamadar Masar sun saba da maimaita gajeriyar aya cikin shiru.

Labarin Iliya a 1 Sarakuna 19 yana da koyarwa ta musamman. Annabin ya gaji har ya roƙi mutuwa. Abin da aka fara ba shi barci ne da abinci da ruwa, har sau biyu, kafin ya kai Horeb inda ya ji muryar Allah bayan iska da girgizar ƙasa da wuta sun wuce. Aka kula da jikinsa tare da ruhunsa.

Abin da ikilisiya take kira bimbini ya ɗara horon asibiti a manufa: horon asibiti yana neman sauƙin jiki da hankali, bimbini kuwa yana kai hankalin da ya natsu zuwa ga Allah da Maganarsa. Mai bi zai iya amfani da dabarar numfashi da natsuwa kamar yadda yake amfani da gadon asibiti, ba tare da ya karɓi koyarwar wani addini ba.

Yadda Za A Fara

1. A ware minti 10 a lokaci ɗaya kowace rana, kamar bayan addu'ar asuba kafin a tafi gona ko kasuwa. A ajiye waya nesa.
2. A zauna a miƙe, kafaɗu a sake. A shaƙi iska ta hanci ana ƙirga huɗu, a fitar ana ƙirga shida.
3. A zaɓi aya ɗaya gajeriya, a karanta ta a hankali sau biyu ko uku, a tsaya a kan kalmar da ta taɓa zuciya.
4. In tunani ya kutso, kada a yi fushi da kai. A san da shi, a komo ga numfashi da ayar.
5. A rufe da godiya domin abu ɗaya takamaimai na wannan rana.

Ana iya yin wannan a sujadar iyali, ko a taron Zumuntar Mata da na matasa kafin a fara nazari.

Gargaɗi

Kada mai hawan jini ko ciwon sukari ya daina shan magani domin ya ji sauƙi a zuciya. Hawan jini yakan ɓoye har ya kai ga shanyewar ɓarin jiki. A riƙa gwada jini a asibiti; in ya riƙa kaiwa 140 bisa 90 ko fiye, a ga likita.

Wanda ya ga kisa ko ƙonewar gidansa da idonsa, rufe ido cikin shiru yana iya dawo masa da abin kamar yanzu yake faruwa. Irin wannan ya bar idonsa a buɗe, ya taƙaita lokacin, ya kuma yi tare da wanda ya amince da shi. In abin ya tsananta, ya dakata.

Wanda ya yi mako biyu ko fiye cikin baƙin ciki, ba ci ba barci, ko yana tunanin kashe kansa, a kai shi wurin likita ba tare da jinkiri ba. Akwai asibitin tarayya na ƙwaƙwalwa a Barnawa, Kaduna. Zuwa can ba alamar ƙarancin bangaskiya ba ne, kuma wajibi ne fastoci da dattawa su faɗi haka a fili.

Tambayoyi Domin Tattaunawa

1. Waɗanne damuwoyi ne suka fi hana mutane barci a wannan ikilisiya, kuma me ya sa ake ɓoye su?
2. Me labarin Iliya yake koyarwa game da kula da ɗan'uwan da ya karai?
3. Wane lokaci ne iyali za su iya warewa domin zama shiru, tun daga wannan mako?
4. Wa zai ɗauki nauyin raka marar lafiya zuwa asibiti in bukata ta taso?